Daga Tsibin Masar zuwa Harafin x: Tarihin Ɗorin Lissafi

Duk wanda ya zauna a ajin ƙaramar sakandare ya taɓa ganin malami ya rubuta irin wannan a allo: 3x + 6 = 21. A cire 6 daga 21, a raba 15 ɗin da ta rage gida uku, amsa ta fito 5. Ɗalibai kan kira layin ikweshan, masu Larabci su ce mu'adala, ma'anar dai ɗaya ce: ɓangare biyu da aka ce nauyinsu daidai yake, ɗaya daga cikinsu kuma yana ɗauke da wani adadi a ɓoye. A nan zan riƙa kiransa daidaito. Aikin bai wuce na minti guda ba, amma harafin, da alamar tarawa, da 'yan layukan nan biyu na tsakiya, da ita kanta dabarar taɓa ɓangarorin biyu tare, kowanne da garinsu da zamaninsa. Tsakanin farkon wannan tarihi da ƙarshensa akwai shekara fiye da dubu uku.

Masar da Babila

A shekarar 1858 wani mutumin Sikotland mai suna Henry Rhind ya sayi wata doguwar takarda a garin Luksor, irin wadda mutanen Masar na da suke yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu. Yanzu tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Magatakardan da ya rubuta ta, Ahmes, ya sa sunansa a ciki, ya kuma bayyana cewa kwafa ya yi daga wani rubutu da ya girme shi. Masana sun sa aikinsa a wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), asalin kuwa a wajen 1850. Tambayoyi ne sama da tamanin, yawancinsu na rabon gurasa tsakanin ma'aikata, da awon rumbu, da awon gona. A tsakiyarsu akwai wasu 'yan tambayoyi da ke neman wani adadi da ake kira aha, kalmar da ake fassarawa da tsibi ko tari.

Ta 26 ita ce mafi sauƙin bi. Wani tsibi ne, in aka ƙara masa rubu'insa ya zama 15. Ahmes bai juya komai ba, cinta ya yi. Ya ɗauki 4, domin rubu'inta ba ya ba da wahala. Huɗu da rubu'inta 5 ke nan, alhali 15 ake so, wato ninki uku na abin da ya samu. Sai ya ninka cintar tasa sau uku, ta ba shi 12. Bai tsaya nan ba, ya mayar da amsar cikin tambayar: rubu'in 12 shi ne 3, a haɗa su 15. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wannan gwajin na ƙarshe har yau shi ne abu mafi amfani da malami zai iya koya wa yaro.

Dabarar tana da iyaka. Tana aiki ne kawai idan duk abin da ke cikin tambayar yana girma tare da tsibin. Da an sa wani tsayayyen adadi a gefe, kamar 6 ɗin nan ta allo, cinta ɗaya ba ta isa.

A can Babila, ƙasar Iraƙi ta yau, tsakanin 1800 da 1600 kafin Miladiyya, zamanin su Sarki Hammurabi, 'yan makarantar magatakarda suna rubutu da tsinke a kan allunan yumɓu, suna ƙirga da tushen sittin, wanda muka gada a mintocin agogo. Akwai allon da ke ɗauke da tambayoyi a kan mutumin da ya tsinci dutse bai auna ba, ya ƙara masa kaza, sannan ya auna, a faɗi nauyinsa na farko. Sun wuce Masarawa nesa, domin suna warware har tambayoyin da adadi ke ninka kansa. Adadin da ake nema sukan kira shi tsawo ko faɗi. Sai dai allunan umarni kawai suke bayarwa: raba wannan, ninka wancan, ga amsa. Dalili yana bakin malami, ya kuma tafi da shi.

Girka, Sin da Indiya

Dalilin ya fara shiga rubutu a birnin Iskandariyya. A wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, Uƙlidis ya buɗe littafinsa na awon siffofi da wasu ƙa'idoji da ya ɗauka kowane mai hankali zai yarda da su. Biyu daga ciki su ne ginshiƙin duk abin da ke cikin wannan tarihi: abubuwa biyu da suke daidai, in an ƙara musu abu iri ɗaya suna nan daidai, in an rage musu abu iri ɗaya ma haka. Duk mai awo da sikeli a kasuwa ya san wannan tun kafin a rubuta shi.

A wannan birnin ne Diyofantus ya rayu, a wajen shekara ta 250 Miladiyya bisa kirdadon masana. Littafinsa, Arithmetica, juzu'i 13 ne. Shida sun tsira da Girkanci, huɗu kuma an gano su a fassarar Larabci a birnin Mashhad na Iran a 1968. Ya ƙirƙiri gajeriyar alama ta adadin da ba a sani ba, kuma a gabatarwarsa ya ambaci matakai biyu: a cike abin da aka tauye a ɓangarorin biyu, a kuma cire iri daga irinsa. Amma da lissafi ya kai shi ga abin da yau za mu rubuta 4x + 20 = 4, sai ya ce wannan ba mai yiwuwa ba ne, domin amsar tana ƙasa da babu.

Game da rayuwarsa, abin da ake da shi kacici-kacici ne da aka tattara ƙarnoni bayan mutuwarsa, ana cewa wai a kabarinsa aka rubuta. Wai sudusin rayuwarsa ƙuruciya ce, kashi ɗaya cikin 12 samartaka, bayan kashi ɗaya cikin 7 ya yi aure, bayan shekara 5 ya sami ɗa, ɗan ya rayu rabin shekarun uban, uban ya bi shi bayan shekara 4. Amsar 84 ce. Ba tarihi ba ne, amma daidaito ne mai kyau, kuma har gobe ana ba ɗalibai shi.

Mutanen Sin sun bi tasu hanyar. Littafinsu na Babi Tara, mai tambayoyi 246, wanda Liu Hui ya yi wa sharhi a shekara ta 263, ya ware babi guda ga rara da giɓi. Wasu mutane ne suka haɗa kuɗi za su sayi kaya: in kowa ya ba da 8 a sami rarar 3, in kowa ya ba da 7 a rasa 4. Mutum 7 ne, kayan kuma na 53. Wannan cinta biyu ke nan, wadda ta toshe giɓin da Ahmes ya bari, Larabawa daga baya suka kira ta lissafin kuskure biyu. Masu lissafin Sin suna aiki da 'yan sanduna a kan faifai, ja na abin da ke hannu, baƙi na abin da ake bin mutum.

A Indiya kuwa, a shekara ta 628, Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili, da dukiya, da bashi: bashi a kan bashi bashi ne, bashi kuma in an cire shi daga sifili ya koma dukiya. Abin da Diyofantus ya ƙi karɓa, shi ya ba shi wurin zama. In adadin da ake nema ya wuce ɗaya, masanan Indiya sukan sa musu sunayen launuka, wannan baƙi, wancan shuɗi.

Bagadaza, wajen shekara ta 820

Halifa Mansur ya kafa Bagadaza a 762. Cikin kimanin shekara goma da kafuwarta littattafan taurari na Indiya sun iso fada an fara fassara su, na Girka suka biyo baya. Takarda ta yawaita ta yi araha. Ana cewa fursunonin yaƙin Talas na 751, mutanen Sin, su suka koya wa Musulmi yin ta, kodayake masu bincike da dama suna ganin an san ta a yankin Samarkand tun kafin yaƙin. Akwai kuma labarin da Ibn Nadim ya kawo a littafinsa Fihrist, cewa Halifa Ma'amun ya yi mafarki da Aristo, daga nan ya aika neman littattafai ƙasar Rum. Mafarki dai sai mai shi. Abin da yake tabbatacce shi ne daula ce mai faɗi, da haraji, da magudanan ruwa, da kotuna, kuma duk suna buƙatar masu lissafi.

Ma'amun ya yi mulki daga 813 zuwa 833, wato 198 zuwa 218 bayan Hijira. A cikin masu aiki a taskar littattafansa, Baitul Hikma, akwai Muhammad bin Musa Alkawarizmi, wanda laƙabinsa ke nuna asalin gidansu Kawarizm ne, kudu da tafkin Aral, yankin garin Khiva na Uzbekistan a yau. Ana yawan ji a bakin mutane cewa shi ya ƙirƙiro sifili da lambobin da muke amfani da su. Rubutunsa bai ce haka ba: littafin da ya yi a kan lambobin, da lissafin Indiya ya danganta shi. Abin da yake nasa ya fi wannan girma. Shi ne wanda ya fara ɗaukar daidaito a matsayin fanni mai zaman kansa, ya rarraba shi iri-iri, ya ba kowane iri hanyarsa, a cikin Almukhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala.

Kalmomin nan biyu ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Wanda ya yi karatun tsarki a zaure ya san shafa a kan jabira, wato abin da aka ɗaure karaya ko rauni da shi. Tushensu ɗaya da jabru: ɗori, mayar da abin da ya karye ya koma cikakke. Muƙabala kuwa mun san ta a tsakanin malamai, a zauna gaba da gaba, kowa ya kawo nasa. Ga misali nawa, a irin harshensa. Abu biyar ban da dirhami uku, daidai suke da abu biyu da dirhami tara. Ɓangaren farko a tauye yake, an karya masa uku. Sai a ɗora shi, a ƙara masa ukun, a ƙara wa ɗaya ɓangaren ma uku don kada sikeli ya karkata: abu biyar daidai da abu biyu da dirhami sha biyu. Jabru ke nan. Sannan a fuskantar da ɓangarorin, abin da ke nan yake can a zubar da shi: abu uku daidai da dirhami sha biyu. Muƙabala ke nan. A mayar da ukun zuwa ɗaya, abu ya zama huɗu. A rubutun yau, 5x − 3 = 2x + 9.

A lura, babu abin da ya tsallaka ko'ina. Ba a ɗauki uku an kai ta wani gefe ba, an ƙara ta ne a gefe biyu.

A duk littafin babu alama ko ɗaya, ko lambobin ma da kalmomi ya rubuta su. Adadin da ake nema shai'u ne, wato abu, ko jizru, saiwa. In ya ninka kansa ya zama malu, dukiya, kalmar da muke ji a baitulmali. Tsayayyen adadi kuwa dirhami ne. Da yake bai yarda da adadin da ke ƙasa da sifili ba, sai daidaito ya kasu masa gida shida, inda ɗalibin yau yake ganin biyu kacal. Wannan ma shi ya sa jabru ya zama dole a wurinsa: ɓangaren da ke da "ban da" a cikinsa bai cika ba, ba a kuma iya hukunci a kansa sai an ɗora shi.

A gabatarwa ya faɗi waɗanda ya rubuta wa littafin: masu rabon gado da wasiyya, masu shari'a, 'yan kasuwa, masu awon ƙasa da masu haƙa magudanai. Kusan rabin littafin ma a kan wasiyya yake, kuma a ganina nan ne zuciyarsa. Ayoyin gado sun zo da rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi, wannan rabawa ce kawai. Amma da zarar wasiyya ko bashi ya shiga, rabon wani ya dogara da jimlar dukiya, jimlar kuma ta dogara da rabon nasa, sai lissafi ya zama maciji ya ciji wutsiyarsa.

Dubi mas'alar da ya buɗe babin da ita. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wani bare. Ya bar dirhami goma a hannu, yana kuma bin ɗaya daga cikin 'ya'yan bashin goma. Nawa za a lissafa daga bashin a matsayin rabon ɗan da ake bi? Alkawarizmi ya ce a kira shi abu. Dukiya ta zama goma da abu. A fitar da sulusi, a raba sauran biyu, kowane ɗa ya sami dirhami uku da sulusi, da sulusin abu. To, rabon wanda ake bi shi ne abun nan da kansa. A zubar da sulusin abu daga ɓangarorin biyu, sulusi biyu na abu ya yi daidai da uku da sulusi. A cike shi ta hanyar ƙara wa kowane gefe rabinsa, abu ya fito 5. Mai wasiyya ya karɓi biyar, ɗan da ba a bi ya karɓi biyar, wanda ake bi a cire masa biyar daga bashinsa. Abin da ya saura a kansa, wannan zance ne na malaman fiƙihu. Sanya wa abin da ba ka sani ba suna, ka yi ta aiki da shi kamar ka san shi har ya bayyana kansa, ita ce dabarar da ta raba wannan littafi da cintar Ahmes.

Bayansa fannin ya yi ta hauhawa. Abu Kamil na Masar, wanda ya rasu wajen 930, ya faɗaɗa shi. Alkaraji a Bagadaza wajen shekara ta 1000, da Samau'al bayansa, suka mai da shi lissafi tsantsa. Umar Khayyam, wanda duniya ta fi sani da waƙa, ya yi aiki a kan daidaiton da adadi ke ninka kansa sau uku a wajen 1070.

Magrib, da hanyar da ta biyo Sahara

A yammacin duniyar Musulunci ne aka fara gajiya da dogon rubutu. Alhassar, a ƙarni na 12, yana rubuta ɓangaren adadi da layi a tsakani, lamba a sama lamba a ƙasa, yadda muke yi yau. Ibn Yasamin, wanda ya rasu a Marrakesh a 1204, ya tsara ƙa'idojin jabru a 'yar gajeriyar waƙa don ɗalibai su haddace, aka yi ta yi mata sharhi ƙarni bayan ƙarni. Alƙalasadi, haifaffen Baza a Andalus a 1412, wanda ya rasu a Beja ta Tunisiya a 1486, ya yi amfani da haruffan da malaman yankin suka saba da su: shinun a madadin shai'u, mimun a madadin malu, lamun kuma a inda muke sa alamar daidai. Malamin fiƙihun Malikiyya ne, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan rabon gado.

Ta wannan yankin ne littattafan Malikiyya suka iso ƙasar Hausa, Risala da Mukhtasar da babobinsu na gado, a zamanin da su Shehu Magili suka zo Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Harshenmu ma ya riƙe shaida: lissafi, sifili, sulusi, rubu'i, da ƙirga daga ashirin zuwa casa'in, duk daga Larabci suke. Katsina ta fitar da Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, wanda ya rubuta littafi a kan tsara lambobi a hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan na Masar. Aikin nasa na hatimi ne, wani reshe dabam na lissafi. Haruffa da alamomin da yaranmu ke gani a allo kuwa sai da suka zaga ta Turai kafin su iso mu.

Turai, daga 1145 zuwa 1637

A 1145, a garin Segobiya na Sifen, wani Bature ɗan Ingila, Robert na Chester, ya fassara littafin Alkawarizmi zuwa Latin. Bai fassara kalmar jabru ba, ya bar ta yadda take, daga nan ta zama aljabara a harsunan Turai. Sunan marubucin kansa ya lanƙwashe a bakinsu ya zama algoridim, kalmar da masu kwamfuta ke rayuwa da ita yau. A Sifen ɗin, ma'anar farko ba ta ɓace ba: har ƙarni na 17 mai ɗorin karaya algebrista ake ce masa.

Ɗan kasuwa ne ya kai fannin kasuwa. Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonachi, ya tashi a Bijaya ta Aljeriya inda mahaifinsa ke wa fataken garinsu aikin kwastan, a can ya koyi lissafi. Littafinsa na 1202 ya zama tushen makarantun 'ya'yan 'yan kasuwa a Italiya. Su ma abu suka ce, da harshensu cosa, har Jamusawa suka riƙa kiran fannin duka da wannan suna.

Injin ɗab'i ya sa alamomi suka zauna, domin abin da aka buga dubu ya fi ƙarfin abin da kowane magatakarda ke gajartawa yadda ya ga dama. Alamomin + da − sun fara fitowa a bugu a littafin lissafin kasuwanci na Johannes Widmann a Leipzig a 1489, inda suke nuna rara da giɓi. A 1557 wani likita ɗan Wales, Robert Recorde, ya gaji da maimaita kalmomin "daidai yake da", sai ya ja layi biyu a jere, dogaye fiye da namu. Hujjarsa ita ce babu wasu abubuwa biyu da suka kai su daidaituwa. Misalinsa na farko, a rubutun yau, shi ne 14x + 15 = 71, amsarsa 4. Shekara guda bayan haka ya mutu a kurkuku a Landan saboda kuɗin da kotu ta ɗora masa ya kasa biya, alamar tasa kuma ta yi kusan ƙarni ɗaya da rabi kafin ta game Turai.

Babban juyi ya zo a 1591 daga François Viète, lauya kuma mai warware wa Sarkin Faransa wasiƙun sirri na abokan gaba. Ana ba da labari cewa Sarkin Sifen ya kai ƙara wurin Fafaroma wai da tsafi Faransawa ke karanta masa wasiƙu. Ko an yi haka ko ba a yi ba, aikinsa na lissafi yana nan a rubuce. Kafin shi harafi na abin da ba a sani ba ne kawai. Shi ya ce har adadin da aka sani a ba shi harafi: wasula ga wanda ake nema, baƙaƙe ga waɗanda ke hannu. Amfanin wannan ba ƙarami ba ne. Alkawarizmi sai ya kawo misali bayan misali mai karatu ya tsinci hanya. Yanzu ana iya rubuta ax + b = c, a cire b daga gefe biyu, a raba da a, a sami amsar duk tambayoyin wannan iri a layi ɗaya. Darasin nan da ake juya ƙa'ida a fitar da harafin da ake so shi kaɗai a gefe guda, wanda ɗaliban kimiyya ba sa kwana ba su yi shi ba, daga nan ya samo asali.

René Descartes ne ya ba abin kamannin da muka sani, a littafinsa na awon siffofi da aka buga a Leiden a 1637: a, b, c na abin da aka sani, x, y, z na abin da ake nema. Me ya sa x ya fi sauran fice? Ana cewa wai mai ɗab'in ne ya roƙa, saboda harafin ya fi yawa a akwatinsa tunda Faransanci bai cika amfani da shi ba. Wasu kuma suna cewa daga shai'u ya fito, wai mutanen Sifen na da da x suke rubuta sautin sh. Labarin na biyu yana da daɗin ji, musamman a gare mu, amma babu wani rubutun fassara na wancan zamani da aka nuna yana ɗauke da x a wannan matsayi. Duka biyun zance ne, abin da ke rubuce shi ne 1637.

Adadin da ke ƙasa da sifili shi ya fi daɗewa a bakin ƙofa. Wani masani mai suna Cardano a 1545 ya kira irin wannan amsa ta ƙarya. Har a 1796, William Frend, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Kambirij, ya buga littafin aljabara yana ƙin yarda da shi, shekara fiye da dubu bayan Brahmagupta. Idan yaro ɗan shekara sha uku ya tsaya yana kokawa da −4, ya kamata malaminsa ya san manyan masana sun yi wannan kokawar kafin shi, kuma sun daɗe suna yi.

Zuwa allon ajinmu

Makarantar boko ce ta kawo mana wannan tsari: ta Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina a 1921, sannan hukumar jarrabawa ta WAEC da aka kafa a 1952 ta sa shi cikin abin da kowane ɗalibin sakandare zai amsa. A Nijar ya shigo da Faransanci. Ya zo a gajarce, cikin harshen da yaro bai gama ji ba, sunan Alkawarizmi da mas'alolin gado duk an bar su a hanya. Abin da ya rage a bakin malamai da yawa shi ne: in lamba ta tsallaka alamar daidai, sai ta canza alama. Gajeriyar hanya ce, tana kuma aiki a tarawa da ɗebewa. Damuwata ita ce ana ba yaro ita tun bai ga sikelin ba.

Kwanan baya na duba littafin wani yaro a gidanmu. An ba shi 2x = 10, ya rubuta x = 8. Na tambaye shi yadda aka yi, ya ce ai 2 ce ta tsallaka ta zama ta ɗebewa. Ƙa'idar da aka ba shi ya bi, bai yi ganganci ba. Na zana masa sikeli, ƙulli biyu masu nauyi ɗaya a wannan gefe, awo goma a wancan, na ce in na ɗauke ƙulli guda, me zan yi wa ɗaya gefen don kada ya rinjaya? Ya ɗan yi shiru, ya ce a raba shi biyu. Na ce to mayar da takwas ɗinka cikin tambayar mu gani. Ya ninka, ya sami 16, ya goge da kansa. Ya sa 5, ya ninka, 10 ta fito, ya jawo littafin ya shiga tambaya ta gaba.